Ranar da Na Gaida Dodo

Ni na kawo dokar, wannan ba zan musa ba. Mu biyar muke haɗuwa duk Asabar a shagon Chinedu a Jimeta, muna wasan labari. Kowa da jarumin da ya ƙirƙira, Madam Rifkatu ce mai jan labarin, ƙwayar lido ke raba gardama. Da surutu ya yi yawa, sai na rubuta dogon bayani a guruf ɗinmu na waya: duk abin da ya fito daga bakinka a tebur, jaruminka ne ya faɗa, babu janyewa. Har na ƙara da cewa rashin tarbiyya ke kashe wasa.

Asabar ɗin da ta biyo, jarumanmu suna saɗaɗawa ta gaban dodo mai barci, kowa ya yi tsit. Sai ga Bappa, ƙanen mahaifina, ya leƙo shagon. Na miƙe zumbur, na ɗaga murya: "Sannu da zuwa, Bappa! An tashi lafiya? Ya iyali?"

Bayan ya wuce, Madam Rifkatu ta buɗe wayarta, ta karanta mana dokata a nutse. Sannan ta ce, "Dodo ya tashi lafiya."

Jarumai huɗu muka rasa, waɗanda muka yi wata shida muna raino. Chinedu ya ninke takardar jaruminsa maharbi ya sa a aljihu.

Har yau in na ratsa kasuwa, sai ya ƙwala min kira: "Malam, ya iyalin dodo?"