Fitilar da na kai wa Inna

A ƙarshen shekarun casa'in na samu ragowar bulon gilashi a wani gini a Gusau, na ƙudura zan yi wa Inna, mahaifiyata, fitilar da ba a taɓa gani ba. Na yini ina huda shi, ina ɗiga ruwa kada ya tsage. Bai kuwa tsage ba. Na cusa ƙananan ƙwayayen lantarki a ciki, na nufi ƙauyenmu bayan Bungudu ina jin kaina injiniya.

Sai da dangi suka kewaye ni, ina riƙe da wayar fitilar ina laluben bango, sannan na tuna garin da aka haife ni ko turken lantarki babu.

Inna ta tokare ƙofa da bulon. Har yau in na yi sallama sai ta ce, "Injiniya, kunna muna hitila."