Fitilar Motar Yaya Sani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da motar Yaya Sani ta yi wani irin tari a hannuna. Mun baro Dungas ke nan, Inna na gefena tana jan casbi. Na taka, mota ta ƙi ja. Sai ga wata 'yar fitila ruwan lemo mai siffar inji ta kama a tablo, allon da ke gaban direba.

Yaya Sani ne ya tsaya mini na yi permi, wato lasisin tuƙi, bayan na gama lise, babbar sakandare ke nan, alhali Baffa Idi, ƙanin mahaifinmu, yana ta cewa mota ba abin wasan mata ba ce. Da Yaya zai koma aiki Damagaram sai ya bar mini motarsa, don in riƙa kai Inna gidan likita a Magariya kowace Laraba a auna mata tansiyo, wato hawan jini. Motar tana da wani abu da ake kira kwampresa, mai hura wa inji iska da ƙarfi, shi ya sa take tashi kamar an tsikare ta. Yaya ya ce, "Ki kula. In injin nan ya lalace a hannunki, Baffa zai karɓi makulli, ni kuma ba ni da bakin magana."

Yana fita Inna ta kira ni ɗaka ta damƙa mini wata laya. "Ido ya yi wa motar nan yawa. Sa ta inda yayanki ba zai gani ba, kin san shi da faɗa." Na buɗe kapo, wato murfin inji, na laluba ƙarƙashin babban bututun iska, na ji wata siririyar waya, na ɗaure layar tam. (Ni da na zauna ajin fizik shekara uku. Ku riƙe wannan.)

To, fitilar nan ba ta da kunya. Ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. Da ƙyar muka lallaɓa garajin Malam Lawwali a Magariya, muna shiga ƙofa fitilar ta mutu mus. Ya tada mota, ya saurara, ya dube ni.

"Ƙanwata, motarki lafiyarta lau. Ko dai rana ce ta haske miki ido?"

Laraba ta zagayo, ta sake kamawa. Muka koma garajin, wannan karon Malam Lawwali ya jona wata na'ura da suke kira balis, mai karanta abin da mota ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. Ya ce lambar da ta fito tana nuna lissafin iskar da ke shiga inji yana yankewa jefi-jefi. Ya goge lambar, ya tambaye ni, "Kin taɓa wani abu a cikin kapo?"

"A'a," in ji ni. Ba ƙarya na yi niyya ba. A kaina laya ba "wani abu" ba ce.

A hanyar komawa ta kama sau huɗu. Inna ta ce, "Ba na faɗa miki ba? Baki ne, 'yar nan. Ɗaya ba ta isa ba." Washegari ta kawo ta biyu, wadda ta ninka ta farko girma. Kun san inda na ɗaura ta. Wuri guda, waya guda, har da ƙulli biyu.

Daga nan mota ta koma rarrafe. Wani dattijo a amalanken jaki ya wuce mu, ya waiwayo ya ce, "Sannunku da hutawa, Hajiya." Na duba a tarho, na ga an ce irin wannan fitila tana iya nufin inji na gab da mutuwa. Kwana uku abinci bai wuce mini ba. Ina ta ganin Baffa da makulli a aljihu, Inna kuma da hawan jininta a bayan babur ɗin kabu-kabu cikin rana, ni ina zaune gida ana nuna ni: ga wadda ta kashe mota cikin wata guda. Na kira Yaya ina kuka har ban san me na faɗa ba.

Ya same mu ni da Inna a garajin, Baffa na biye da shi, fuskar Baffan fal murna kamar ranar suna.

Malam Lawwali ya ce, "Ƙanwata, a ina ta fi kamawa?"

"Inda hanya ke da gargada."

"A kwalta fa?"

"Ba ta yi."

Ya bar inji na aiki, ya ce Yaya da Baffa su kama mota su jijjiga. Suka jijjiga. Fitila ta kama. Suka daina, inji ya daidaita. Malam Lawwali ya kwanta ƙarƙashi da cocila. Can sai muka ji yana dariya, irin wadda mutum ke ƙoƙarin haɗiyewa ta ƙi. Ya fito riƙe da layu biyu, sun yi baƙi da mai, suna lilo.

"Jama'a, wa ya yi wa wayar iska rataya?"

Duk garajin aka taru. Ya yi bayani dalla-dalla: wayar ita ce ke gaya wa mota yawan iskar da kwampresa ke turawa, in an shiga gargada layu su yi lilo su ja bakinta ya saki, in hanya ta yi kyau ya koma. Na waiwaya wajen Inna neman ceto. Ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai ban ce a ɗaura a waya ba."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Mai lise ke nan! Mai fizik!" Yaya bai yi dariya ba, ni kuma na fi so ya yi. Na tsaya ina kallon takalmana, ina jira a ce in miƙo makulli.

Na juya wajen Malam Lawwali. "Malam, injin ya mutu?"

Ya mayar da bakin wayar ya danna, ya goge lambar, ya sa aka sake jijjigawa. Tablo fes. Ana kiran la'asar ya goge hannu ya ce, "Ko ƙwarzane bai yi ba. Wata guda kina lallaɓa shi a haka, wani da tuni ya taka ya ƙona. Tuƙinki ba laifi, ƙanwata. Ɗaurinki ne."

Yaya ya dubi Baffa, ya ajiye makulli a tafina. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na fashe da kuka.

Layun yanzu suna cikin jakar Inna, can ma suna tsare mu, in ji ta. Ni kuwa na koyi abu guda: in mai gyara ya tambaye ki ko kin taɓa wani abu, ki faɗi har wanda uwarki ta ce ki ɓoye.