Ranar da Sodangi Ya Raɗa wa Lamba Biyar Suna

"Ni da injin ga harshenmu guda! In ya yi tari, ni kaɗai na san abin da ka damunshi."

Sodangi ke nan, masinjan wani ƙaramin ofishin raba taki a Boɗinga, wanda ya naɗa kansa Injiniya ba tare da kowa ya ba shi rawani ba. Biro huɗu yake jerawa a aljihun gaba, uku ba sa rubutu.

Kada ka ga laifinsa da yawa, ɗan'uwa. Shekarar ce gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, aka umarci Sakatare, Malam Attahiru, ya rage mutum ɗaya kafin wata ya mutu. Sodangi ya san in za a sallami wani, da masinja ake farawa. Shi ya sa ya manne wa sabon injin kwafe takardu kamar kaska.

Injin yana da hali ɗaya. In wani abu ya same shi sai ya tsaya cak, jar lamba ta fito a ɗan gilashinsa. Bayanin lambobin yana cikin wani littafi na Turanci, wanda Sodangi ke fifita da shi. Sai gogan ya samo kwali, ya raɗa wa kowace lamba suna, ya manna a bango. Ɗaya, Yunwa: a ba shi takarda. Biyu, Kasala: a ɗan mare shi a kwiɓi. Uku, Zazzaɓi: a rufa mishi zane.

"Lamba ai ta Nasara ta," in ji shi. "Talaka suna ya sani."

Ta ɗaya dai ya canka daidai. Sauran kuwa, Aminatu mai buga tafireta ce ke lallaɓawa ta gyara in ya fita sayo goro, don ta daɗe tana bin littafin da ƙamus a lokacin hutu. Shi kuma ya dawo ya buga ƙirji.

Ran wata Laraba manoman albasa daga Sifawa da Kajiji suka cika tsakar ofis, kowa na jiran fom ɗin taki, motar da ta kawo su kuma za ta juya da la'asar. Fom ɗari biyu ake so. Injin ya fitar da goma sha ɗaya, Sodangi ya buɗe cikinsa yana nuna wa manoma "hanjinsa", ya tura ƙofar injin sama-sama. Sai ga jar lamba: biyar. Babu ita a kwali.

"Injiniya, wagga hwa mi sunanta?" in ji Sakatare.

Sodangi ya matso. Ya kara kunne a jikin injin kamar mai zaɓen kankana.

"Kawu," in ji Aminatu a hankali, "a littafi an ce biyar..."

"Ke ɗiyar ga," in ji Sodangi, "manya na aiki! Koma ga ƙwaƙwas-ƙwaƙwas ɗinki."

Ya juya ga manoma, ya gyara hula. "Jama'a, in injin ban-ruwa ya ƙi ja a fadama, mi kuka yi mishi?"

"Ɗura mishi ruwa mukai!" suka amsa baki ɗaya.

"To kun ji. Inji duk inji na. Ranka shi daɗe, sunanta Ƙishirwa."

Ya rubuta a kwali, har da ja mata layi. Wani dattijo daga Kajiji ya miƙo butarsa don neman lada. Sodangi ya yi bisimilla, ya tuttula ta tas a ramin da takarda ke shiga.

Injin ya yi gurnani, ya yi tartsatsi, sai fau! Hayaƙi ya turnuƙe ofis. Manoma suka yi waje, wani ta taga. Dattijon ya dawo da gudu ya fizge butarsa, ya sake ficewa. Sodangi kuwa yana tsaye, baƙin garin tawada ya wanke mishi fuska, idanu kaɗai ake gani kamar muzuru a madafa.

Sakatare ya gama tari, ya share hawaye. "Aminatu, mi littafi yac ce?"

"Yallaɓai, cewa ya yi ƙofa a buɗe take. A rufe ta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Aka zaunar da Injiniya a benci da bironsa ɗaya mai rai, ya kwafi fom ɗari da tamanin da tara da hannu, manoma na tsaye a kansa suna ce mishi, "Yi sauri, Sarkin Ruwa!" Yana aje biro, yatsu sun sandare, sai Sakatare ya turo mishi wata takarda. Ta sallamarsa ce daga aiki.

"Kwafi uku aka bukata, ga shi ba mu da inji. Ka kyautata hannu, Injiniya, guda Sakkwato za ta."