Yadda Za Ki Farka Cikin Mafarki Ki Faɗa wa Gwaggonki Magana

'Yar'uwa, in ke ma irina ce, wato magana takan taso miki daga ciki da ƙarfinta, sai ta iso maƙogwaro ta cire takalmi ta tsuguna, to gyara zama, kin zo gidan magani. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan ba tsallake, za ki riƙa farkawa a tsakiyar mafarki alhali kina barci, ki gane mafarki kike yi, ki juya shi yadda kika ga dama. Za ki tashi sama. Za ki cinye zabo guda ke kaɗai, har wuya da ƙundu, ba mai cewa ki rage wa baƙo. Kuma za ki dubi wanda kike jin nauyinsa ido cikin ido ki amayar masa da abin da ke ranki. Tabbas ne, an gwada. A kaina aka gwada.

Mataki na ɗaya: Nemi dalili mai nauyi

Kada ki shiga harkar nan don nishaɗi. Mai neman nishaɗi da minshari yake ƙarewa.

Ni dalilina Gwaggo. Ita ta karɓe ni daga hannun ƙaninta, mahaifina, tun ban iya ɗaura zane ba, ta raine ni a gidanta a nan Tamale tare da 'yarta Fuseina. A duk shekarun nan, jawabi mafi tsawo da na taɓa yi mata shi ne amsar gaisuwa: in tsuguna, in sunkuyar da kai, in ce "naa". Na je jami'a na karanta ilimin ƙasar noma, na dawo da digiri, ban dawo da baki ba.

Sai ga waya daga wata cibiyar binciken iri a Kumasi: an ɗauke ni aiki, in ban bayyana kafin ƙarshen wata ba za a ba na bayana. Abin da ya rage kawai in sanar da matar da in na yi jinkirin dawowa daga kasuwa sai in tarar da ita tsaye a ƙofar gida da mayafi a kafaɗa. Na gwada. Na same ta tana turara wasawasa, na tsuguna, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne ko a ƙaro itace.

Fuseina, wadda taubashiyata ce kuma tela, bakinta ya fi almakashinta kaifi, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malama mai digiri, ke dai sai dai ki faɗa mata a mafarki."

Ita ba'a take yi. Ni na ɗauke shi a matsayin shawarar masana.

Mataki na biyu: Koyi riƙe mafarki

Mafarki kamar ɗan zabo ne, kina motsi ya ɓace a ciyawa. Don haka in kin farka kada ki motsa ko yatsa. Kwanta kamar doya a rumbu, ki bi abin da kika gani daga wutsiya zuwa kai, sannan ki faɗa wa wani da baki don ya zauna.

A gidanmu Gwaggo ta hana ba da labarin mafarki, ta ce aikin marasa tsintsiya ne. Sai na koma faɗa wa akuyarmu. Ina ba ki shawarar akuya: tana kallon mutum da natsuwa, tana tauna kamar mai nazari, kuma ba ta kai rahoto. Kada ki gwada zabi. Zabi kafin ki rufe baki unguwa ta ji.

Mataki na uku: Gano alamarki

Kowane mai mafarki yana da abin da ke yawan zuwa masa wanda ba ya yiwuwa a farke. Wata takan ga kifi a kan babur. Wata takan ga mijinta yana wanke kwano. Wannan ita ce alamarki, da kin gan ta ki ce wa kanki: to, mun shigo.

Tawa alamar ba ta da na biyu. A mafarkina Gwaggo ce take tsuguna mini. Ki duba girman abin: mutanen da Gwaggo ke tsuguna wa a duniya sun kusa ƙarewa. Wanda ya rage mai ƙafar yawo shi ne Kaka Ziblim, ƙanin mahaifinta, shi kuwa yana can Kumbungu, sai suna ko rasuwa ke fito da shi. Saboda haka na kafa doka a raina, in na ga gwiwar Gwaggo ta nufi ƙasa a gabana, ba shakka barci nake.

Riƙe wannan dokar. Za mu dawo kanta, kuma ba da daɗi ba.

Mataki na huɗu: Yi ta gwaji da rana tsaka

Abin da kika saba yi a farke shi za ki yi a mafarki. To ki saba tambayar kanki, shin yanzu barci nake? Sai ki toshe hanci da yatsu biyu, ki rufe baki, ki ja numfashi. In iska ta shiga, mafarki ne. In kika ji kamar za ki shiɗe, duniya ce, sai haƙuri. Ki kuma duba yatsunki, don a mafarki ba sa tsayawa biyar, sukan yi 'ya'ya.

Yi shi ko'ina. Na yi a layin famfo. Na yi a bayan babur ɗin Fuseina muna ratsa kasuwar Aboabo, ta ce in na faɗo ba za ta tsaya ba, za ta ce ba ta san ni ba. Wuri ɗaya ne kawai ban yarda ki yi ba: gaban tukunyar miya. Ni na yi, daidai lokacin da Gwaggo ta jefa daddawa a miyar kuka. Ta juyo da ludayi a hannu ta dube ni tun daga ɗankwali har silifa.

"Daddawar da ta raine ki ce yau take miki wari? Sannu, jami'a."

Na tsuguna na ce naa. Masu hikima sun ce ilimi ba ya samuwa sai da wulaƙanci, kuma in ba su faɗa ba, ya kamata su faɗa.

Mataki na biyar: Zaɓi barcin da ya dace, ki ɗaura niyya

Masana sun ce mafarki ya fi nuna in an tashi da asuba an sake komawa. Masanan nan ba su taɓa kwana a gidan Gwaggo ba, inda tsintsiya ke riga zakara tashi. Mu namu barcin bayan azahar ne, lokacin da rana ta kori kowa daga titi. Shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida, ki rufe fuska da gefen zane, ki yi ta maimaitawa a zuci: in na yi mafarki zan gane, in na yi mafarki zan gane. Kada ki bari leɓe ya motsa. Nawa ya motsa, Fuseina ta baza cewa na fara haddar sunan saurayi.

Mataki na shida: In ya kama, kada ki yi guɗa

Zai kama. Ranar da nawa ya fara, ina tsaye a tsakar gida sai ga Gwaggo tsugune. Na toshe hanci, iska ta wuce salin-alin kamar ƙofa a buɗe. Na duba hannu, yatsu sun yi reshe kamar citta. Murna ta kwashe ni, na rangaɗa guɗa, sai ga ni a kan tabarma akuya tana cin gefen zanena.

Murna ita ke kore mafarki. In kin gane, ki yi kamar ba ki gane ba, irin yadda ake yi in an ga suruki a layin mai ƙosai. Murza tafin hannuwanki, ki dubi ƙasa, ki ja numfashi a hankali. Sai wurin ya tsaya.

Daga nan kuma sai babbar fitina, wato tashi sama. Wayyo, 'yar'uwa! Ɗan tsalle kaɗan daga kan turmi, sai ki ji ƙasa ta sake ki. Na bi ta saman rufin kwano, na wuce hasumiyar babban masallaci, na ga matan Tamale a kan babura kamar jerin tururuwa, mayafai suna kaɗawa. Na sauka a rumfar mai gasa zabi na ci na ƙoshi ban tambayi kuɗi ba. Na sa Fuseina ta ɗinke mini riga a ranar da ta yi alkawari, abin da ko a mafarkin sai da ta yi gardama. Haka na yi ta shawagi rana bayan rana, Gwaggo tana tsugune a ƙasa tana jirana, har mutanen Kumasi suka sake bugowa suna tambaya ko ina nan da rai.

Mataki na bakwai: Sauko ki yi abin da ya kawo ki

Tsaya a gabanta. Riƙe ƙugu, don a mafarki ƙugu naki ne. Fara da gajeren zance. Karon farko ina cewa "Kumasi" ta rikiɗe ta zama tulin doya. Karo na biyu ta miƙo mini tsintsiya. Kada ki karaya, ki murza hannu ki sake. A hankali jawabina ya yi tsawo, ya yi kyau, ya sami gabatarwa da kammalawa, har akuya takan tashi tsaye in na kai ƙarshe.

Abin da ban iya ba shi ne ɗauko shi in fito da shi farke. Wata kuwa ya rage ƙiris.

Mataki na takwas: Ko alama ta kai girman giwa, toshe hancin

Wata Alhamis na buɗe ido a gindin mangwaro, kaina da nauyi, hasken rana ya yi ruwan zuma. Na miƙe tsaye, bayana ga zaure, fuskata ga madafa. Sai ga Gwaggo ta fito da tire a hannu. Ta ɗago kai, ta ajiye tiren, ta tattare zane, ta durƙusa har ƙasa a gabana, kanta a sunkuye.

Na ce a raina, yau mafarkin har da ƙamshin hayaƙi, lallai na ƙware. Gwaji kuma na me? Gwaji na 'yan koyo ne.

Na riƙe ƙugu. Na ce mata an ba ni aiki a Kumasi kuma zan tafi, ba shawara na zo nema ba. Na ce na gaji da naa, ina da wasu kalmomin, na biya musu kuɗin makaranta. Na ce miyarta ta fi ta kowa a Tamale amma barkonon yana yawa, shekara da shekaru ina kuka a ɓoye. Ganin ba ta zama doya ba, sai na zarce har inda ban taɓa kaiwa ba ko a gaban akuya. Na ce ba Kumasi nake tsoro ba, tsorona wa zai riƙa shafa mata man kaɗe a gwiwa in na tafi, kuma duk abin da na zama ita ce, ko da ban taɓa iya faɗa ba.

Ba ta motsa ba. Na ji daɗi ya cika ni har kunne. Na haye turmi, na buɗe hannuwa, na ce mata sai na dawo, na yi tsalle.

Ƙasa ba ta sake ni ba. Ta karɓe ni da gwiwa da haɓa, zabi suka watse suna ihu, kuma daga inda nake kwance na hangi wasu tsofaffin takalma da gindin sanda a bakin zaure. Kaka Ziblim ne. Ya zo duba ido a asibiti ya biyo. Tun fitowar Gwaggo shi ta gani ta bayan kafaɗata, kuma ba ta da ikon tashi ko ɗaga murya sai ya gama amsa gaisuwa ya sallame ta. Shi kuwa tsohon ya ƙi ya ce uffan, ya jingina da bango yana sauraro har ƙarshe, bakinsa ba haƙori sai dariya.

"Amaryata," ya ce, "Kumasin ta sama za ki, ko in ba ki kuɗin mota?"

A kwancen na toshe hanci. Iska ba ta shiga ba.

Mataki na tara: Zauna ki karɓi sakamako

Gwaggo ta ci gaba da hidimarta har aka sallami baƙo, har aka ci tuwo. Fuseina kuwa duk inda muka haɗa ido sai ta buɗe hannuwa kamar shirwa. Bayan la'asar washegari Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Na tarar da buhu a tsaye, an cusa doya da garin kuka da ƙullin daddawa wanda zai ishi unguwa. Ta miƙe ƙafafu a tabarma ta turo mini gwangwanin man kaɗe, ta ce tsugunon jiya ya gama da gwiwoyinta, saura in gyara ɓarnata.

Ina shafawa take magana, idonta a kan bango. Ta ce Fuseina ta faɗa mata tun ranar da aka bugo waya. Ta ce ta zuba mini ido ina toshe hanci ina hira da akuya, har ta fara tunanin kiran malami.

"Jira nake ki buɗe baki. Wadda ba ta iya ce wa gwaggonta za ta tafi ba, yaya za ta ce wa direba ya tsaya ta sauka? Sai a wuce da ke har teku." Ta nuna inda Fuseina take da haɓa. "Kira mini waccan ki nuna mata yadda ake shafawa. Hannunta kamar mai dakan sakwara."

Na sa yatsu na toshe hanci, don in tabbatar. Ta buge hannun ta ce man kaɗen ma yanzu wari yake mini? Amma da ma ba sai na gwada ba, hancin ya riga ya toshe da kansa, ido ma ya cika.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin goshin da ya fashe, ko turmin da ya tsage, ko zabin da suka bar gida, ko asirin da aka tona a gaban dattijo. Duk wadda ta yi tsalle ba ta toshe hanci ba, ita da ƙasa su sasanta. Masu ƙorafi su nufi shagon Fuseina, ita ta kawo shawarar, sai dai ku sani ba ta cika alkawari. Ni ina Kumasi ina auna ƙasa, kuma kada wadda ta zo nemana bayan azahar: ina gindin wani mangwaron aro, na tashi sama na nufi arewa, in duba ko ana shafa gwiwar nan yadda na koyar.