Yadda Kabad ɗin Gwamnati Ya Danne Ni

Yanzu ko jikokina sai na kira suna uku kafin in dace da na wanda nake nema, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da kabad ɗin gwamnati ya danne ni a gaban baƙi ba.

Zamanin soja ne, ba a daɗe da soke En'e an kawo ƙananan hukumomi ba. Ni masinja ne a ofishin yankinmu, nan wajen Kura. Ilimina na firamare ne, shi ma ban ƙarasa ba (ni na ce ciwon ido ne ya hana ni, malaminmu kuwa yana da nasa bayanin). Tun da aka haƙa kanal ɗin noman rani aka sake yanka gonaki, ofishin nan ba ya rabo da rigima. Wannan ya ce an ci masa iyaka, wancan ya ce ruwa ba ya kaiwa fegin da aka ba shi. Takardun duk wannan shari'a kuwa a buhu muke ɗura su, gara na ci ta ƙasa, ɓera na ci ta sama.

Sai gwamnatin jiha ta ware kuɗi don gyara ajiyar takardu. Aka ba mu rabi, aka ce sauran sai an zo an ga abin da muka yi da na farko. Da shi aka sayo fayil-fayil sababbi da wani dogon kabad na ƙarfe mai aljihu huɗu. Sakatarenmu, Malam Garba, ya kira ni ya ce, "Daga yau kai ne mai kula da ɗakin takardu. In baƙi suka yaba, kujerar ta zama taka har da ƙarin albashi. In ba su yaba ba, ka san inda ka fito."

Ni da kujera! Kafin la'asar labari ya kai gidan surukaina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni na kai shi.

Kabad ɗin nan ya ɗaure mini kai. Ka ɗan ja aljihu da yatsa ɗaya sai ya biyo ka suuu, kamar ya san ka. Sai da na zare na ƙasa gaba ɗaya na cusa kai in ga mai tura shi, na tarar 'yan tayoyi ne ƙanana kamar goro. Na shinshina, na ƙwanƙwasa, har almakashi na gwada masa in ji ko ɓera zai iya. Bincike dai na yi shi iya yi, abu ɗaya kawai ban gwada ba.

Malam Garba ya ce in jera fayil bisa harafin farko na suna, A, B, C har ƙarshe. Na fara da bismillah. Fayil na farko da ya hau aljihun sama, gaba da kowa, na Audu mai faci ne. Dagacinmu kuwa, da yake Yusha'u ne sunansa, sai ga shi can ƙasa daidai takalmina. Na tsaya na dubi abin nan da kyau. Mutumin da nake tuɓe takalmi tun daga zaure in zan gaishe shi, shi zan sa ƙarƙashin mai faci? Na ce wanda ya ƙirƙiro A, B, C bai tashi a gaban manya ba.

Na kwashe na sake jeri irin na mutunci. Aljihun sama masu sarauta. Na biyu alhazai da manyan manoman tumatir na wajen Kadawa. Na uku malamai da 'yan kasuwa. Na ƙasa mu. To, babban mutum gonakinsa da yawa, rigimarsa ma haka, fayil ɗinsa sai ka sa hannu biyu. Talaka kuwa takarda ɗaya ce, wani lokaci da dangwalen yatsa.

Ranar dubawa wani jami'i ya zo daga Kano, saurayi mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Dagaci ma ya zo da mutanensa. Ni kuwa na sha babbar rigar aurena.

"Malam, in na ce ka ba ni fayil ɗin wani Audu, ina za ka duba?" in ji jami'in.

"Wane Audun, Yallaɓai? In mai faci ne, ƙasa."

"Me ya kai shi ƙasa?"

"Ai faci yake yi, Yallaɓai."

Ya gyara tabarau. Na ga abin ya ba shi sha'awa, shi ma irina ne, mai son sanin yadda abu ke aiki. "To in ya je Makka fa?"

"Sai a ɗaga shi zuwa na biyu."

"In kuma aka tuɓe dagaci?"

Na saci kallon dagaci. "Allah ya kiyaye, Yallaɓai. Ba mu tanadi wurin wannan ba."

Ya sunkuya yana rubutu, kafaɗarsa na rawa. Malam Garba na ta zare mini ido, ni na ɗauka cewa yake in ƙara himma. Sai na ce bari in nuna wa dagaci matsayinsa. Na ja aljihun sama har ƙarshe. "Ranka ya daɗe, ga ka nan, ba kowa a kanka." Don kada alhazai su ji haushi, na ja na biyu shi ma har ƙarshe.

Abin da ban gwada ba ke nan.

Na ga kabad yana sunkuyowa a hankali kamar zai gaishe ni. Na ɗauka jiri nake. Kafin in tantance, masu sarauta da alhazai duk sun sauka a ƙirjina. Ina kwance ƙafafu na harbin iska, riga ta rufe mini fuska, sai na ji wani ƙato yana kururuwa, "Wayyo Inna! Inna ki zo!" Da na saurara da kyau na gane muryata ce. Magidanci mai 'ya'ya, a gaban dagaci!

Dagaci na salati yana cewa a ɗaga. Malam Garba ya iso da gudu, tambayarsa ta farko ita ce, "Bai lotse ba dai ko?" Kabad ɗin yake nufi.

Jami'in nan mutumin kirki ne. Ya rubuta a saki sauran kuɗin, amma a ware wani abu a tura mai kula da takardu kwas, domin ya ga buƙatar da idonsa. Aka tura kwas ɗin kuwa, sai dai wani mai takardar sakandare aka tura. Ni aka mayar da ni masinja, da sabon suna. Har yau akwai tsofaffi a kasuwar Bunkure da in sun hango ni sai su ce, "A'a, Wayyo Inna, an shigo?"

Na yi nazarin abin nan shekara da shekaru, ga kuma abin da ɗan ilimina ya ba ni. Duk inda ka ga an tara manya a sama an bar ƙasa ba nauyi, ba sai ka yi musu da kowa ba. Kai dai ka koma gefe ka tsaya.