Rasuwar Kogi-da-Tudu, Bargon Inna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma zargin da ba ta ga dalilin ɓoyewa ba, Inna, tsohuwar gidan nan, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokin zamanta, bargon faci da aka fi sani da Kogi-da-Tudu. Ya rasu a kan gadonta, a ƙarƙashin tafin hannunta, bayan doguwar jinyar da kowa a gidan ya rantse ba jinya ba ce. A riƙe wannan maganar, za a dawo kanta.

An haifi marigayin a shekarar da ruwan dam ya shanye ƙauyen su Inna. Tana amarya mijinta Baba Direba, Allah Ya jiƙansa, ya ɗauko ta a gaban babbar motarsa ya kawo ta garin nan, tana ta waige har tudu ya ɓace. Ranar da labari ya zo cewa ƙauye ya nutse, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta buɗe akwati, ta ɗauko almakashi. Silikin ɗankwalinta ya zama kogi, buhun algarara ya zama tudu, karan-miskin mahaifiyarta ya zama gonaki. Hanyar da suka biyo, da lanƙwasarta da gadarta, kakin wandon Baba Direba ne. Kowane maƙwabcinta na ƙauye ta yanka masa ƙyallen da ya zama gidansa, har wadda ba sa ga maciji da ita. Bayan rasuwar Baba Direba ta ɗinka aljihun rigarsa a matsayin ƙofar gidansu, da maɓallinsa a jiki.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha fitsarin 'ya'ya, ya sha na jikoki, ya raka mutanen gidan nan zazzaɓi iri-iri bai taɓa cewa uffan ba. Da idon Inna ya tafi, shi ya zama idonta. Da hantsi sai ta shimfiɗa shi a cinya, yatsunta su kama hanya. Kogi ya ce shuuu. Tudu ya ce ƙaras-ƙaras. In ta iso ƙofar gida, maɓalli ya bugi ƙarfen gado ya ce ƙyas, ita kuma ta yi sallama ta shiga, ta gaishe da mutanen da ruwa ya raba ta da kufansu.

Ya rasu ya bar Inna, da allura guda mai lanƙwasa, da gadon ƙarfe, da akwatin da ya fito daga cikinsa. Ya kuma bar wani sojan gona da ke kwance a kan gadon yana amsa sunansa, wanda babu dangin iya babu na baba tsakaninsa da marigayin.

Ciwon ajali ya fara ne daga kogi. Wata safiya Inna ta shafa ruwa ta ji ya yi kaushi, kuma bai ce komai ba. Ta kira Auta, ɗanta da take zaune a gidansa, ta ce wani ya taɓa mata kogi. Auta ya duba ya ce, “Inna, ga shi nan shuɗinsa, yadda kika san shi.” To, wa ya tambaye shi launi? Ba a jima ba tudu ya yi santsi. Gonaki suka rasa gashinsu. Hanya ta yi laushi kamar ba mota ta taɓa bi. Inna ta ce a'a, ruwa ba ya tsami banza.

Wanda aka fara zargi mai wanki ne, mutumin da ke murza kaya kamar sun zagi ubansa. Aka bincika, ashe bargon bai taɓa zuwa hannunsa ba. Inna ta wanke shi daga laifi, amma har yau ba ta son muryarsa. Aka koma kan ɓera, sai dai ɓera ci yake yi, ba a taɓa jin wanda ya ci ya mayar da sabo ba. Sai zargi ya sauka kan Yaya Babba, 'yar Inna ta fari, wadda ta daɗe tana cewa bargon nan wari yake yi.

Yaya Babba kuwa tana da nata zargin. A bakin ƙofa ta ja Auta gefe, ta manta cewa wanda ido ya bari kunne bai bar shi ba. Ta ce, “Tsufa ya fara taɓa Inna. Bargo lafiyarsa lau, ita ce ba ta gane shi. A kwashe ta a kawo ta wurina in riƙa sa ido, ɗakin nan a rufe.” Auta ya ce zai yi tunani, kuma Inna ta san ma'anar irin wannan tunanin.

Nan ne jinyar ta yi tsanani, don wanda Inna ta zarga daga ƙarshe ita ce kanta. Idan kowa na ganin kogi, ita kaɗai ce ba ta ji, to wa ke da ciwo? Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ruwa ya ci ƙauyen sau ɗaya, ga shi yana neman ci na biyu a cikin kanta, kuma zai haɗa da ɗakinta. Ta daina ƙorafi. In an tambaye ta sai ta ce bargo ya warke. Ranar da ta iso ƙofar gida ta tarar da maɓalli ya zama bebe, ba ta yi sallama ba, ta naɗe shi ta ture gefe. Wannan ranar ce iyalai ke ɗauka a matsayin ranar rasuwa.

An gano gawar ne da rana tsaka. Inna ta kishingiɗa a kan matashin da Tela, matar Auta, ta ɗinka mata kyauta. Ta juya kai, gefen matashin ya bugi ƙarfen gado, sai ta ji ƙyas. Ta sake bugawa. Ƙyas. Da haƙoran da suka rage mata ta farke ɗinkin, ta zura hannu, kogi ya ce shuuu. Ashe duk tsawon jinyar nan a kan ƙauyenta take ɗora kai.

Tela ba ta yi musu ba. Ta durƙusa tana kuka ta ce, “Inna, gani na yi yana yagewa. In kin fita shan hantsi sai in cire guda in sa sabo. Wallahi shago-shago na bi don launi ya zo daidai. Da na ji ana cewa kin rikice, tsoro ya hana ni magana. Tsofaffin kuma na kasa zubarwa.” Launi kam ya zo daidai, ba wanda ya isa ya kushe aikin. Garin neman gira ne aka rasa ido. Inna ta ce ta yafe, amma ta sa an dawo mata da almakashinta ƙarƙashin katifa.

An zazzage gawar a kan tabarma a gaban kowa, har da Yaya Babba. Inna ta riƙa ɗauka guda-guda tana faɗin sunan mai gida da na matarsa da abin da yake nomawa, ba gargada. Sai hannun Inna ya faɗa kan wani ɗan ƙyalle mai taushi. Ta juya shi, ta shinshina, ta sake juyawa. Gidan wa? Babu. Ta ji Yaya Babba ta gyara zama. Inna ta ɗaga murya ta ce, “Wannan kuma wa ya cusa mini baƙo a gari?” Tela ta yi wuf ta ce, “Nawa ne, Inna. Guntun aikin wata ne ya faɗa ciki, ki yi haƙuri.”

Inna ta bi gefen ƙyallen da farce. Ramukan allura ne ƙanana a matse, masu karkata hagu. Mutum ɗaya ke irin wannan ɗinkin a duniya, kuma ba Tela mai keken ɗinki ba ce, Inna ce da kanta. Ta ce, “Dama na sani. Ke 'yar nan ba a raba ki da ɓarna.”

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba za a yi wa gawar wanka ba, mai wanki kada ya wahalar da kansa. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin Inna, inda take, kuma inda za ta ci gaba da zama. Sojan gona an bar wa Yaya Babba, tunda ita launi take gani. Marigayin ba za a kai shi rami ba, za a mayar da shi kan sabon yadi da allura mai lanƙwasa, da hannun Tela, bayan an ɗaure mata ido da ɗankwali, Inna na riƙe da yatsunta. Baƙon ƙyallen nan za a ɗinka shi jikin aljihun Baba Direba, dab da ƙofa, kuma daga yau sunansa ɗakin Tela. Masu zuwa gaisuwa su shafa su wuce. Wanda ya ga kamar ya san ƙyallen tun da can, Inna na roƙonsa ya riƙe bakinsa.