Ranar da Waya Ta Sa Shugabanni a Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙaddamar da shafin intanet na wata ƙungiyar dillalan dabbobi a Gwaram ba. Lokacin ni ne "injiniya" (ɗan guntun kwas na yi a shagon kwamfuta a Birnin Kudu, amma har tafiyata ta canja). Sun yi mini alkawari, in shafin ya yi kyau za su ɗauke ni aiki, ni kuwa a matse nake.

Don shafin ya yi fasali, sai na zana tebur, wato jadawali mai gida-gida, na ɓoye layukansa. Hagu na jera sunayen shugabanni, dama na jera dabbobin sayarwa. A ido, wallahi, kamar jarida.

Ana cikin taro sai Malam Habu, lauyan ƙungiyar, ya ce a ba shi adireshin shafin. Makaho ne, wayarsa ce ke karanta masa rubutu da murya. Ni da rawar kai na ruga na kara wa wayar lasifika, wai kowa ya ji fasaha.

Ashe ita na'urar ba ruwanta da ado. In ta ga tebur, layi-layi take bin sa, ta haɗa hagu da dama. Sai ga murya, da wata Hausa ta hanci:

"Layi na ɗaya. Alhaji shugaba. Bijimi ne ƙosasshe, ba ya tunkuyi. Layi na biyu. Ma'aji. Tsohon bunsuru, akwai ragi."

Innalillahi! Wani dattijo daga Basirka ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Na yi tsalle zan kashe lasifika, amma ina, ta riga ta ce sakatare jaki ne mai haƙuri. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Malam Habu ko murmushi bai yi ba. "Injiniya," in ji shi, "ga alama masu ido kaɗai ka yi wa. Tebur na lissafi ne. In ka yi ado da shi, ka sanar da na'ura cewa ado ne, ka jera abubuwa yadda za su karantu daga sama zuwa ƙasa."

Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Yaro, za mu neme ka." Har yau suna nemana.

Tun daga ranar, kowane shafi na haɗa sai na rufe ido na saurare shi tukuna. Ni kaɗai, a ɗaki, ƙofa a kulle.